Fitilar da Ke Wani Aji

Ƙarfe biyun dare a tudun Valparaíso.
Keken hawa tudu ya daɗe da yin shiru,
jiragen dako na kwance a tasha kamar shanu masu tuƙa.
Maite Quilodrán ba ta runtsa ba,
shayinta ya huce har sau uku.

Wasa take ginawa, ɗan mitsitsi:
kwalekwale guda, teku, da hasumiya mai fitila.
Ta rubuta wa kowanne ajinsa,
ta ba shi ɗaki, ta ja masa ƙyaure.
Bukatarta ba ta taka kara ta karya ba:
in kwalekwale ya matso gaɓa,
fitila ta kama.

Ga fitilar nan a fuskar kwamfuta,
tana tsaye ƙiri-ƙiri, ido na ganinta.
Amma da ajin kwalekwale ya miƙa hannu
sai jan rubutu ya taso:
babu.
Ba a san mai wannan suna a nan ba.

Ashe gani ba ci ba ne.
Dandali ɗaya suke takawa,
amma ba gida ɗaya suke kwana ba.

Sai ta ƙera sabuwar fitila a cikin kwalekwale,
ta raɗa mata sunan waccan, ta kunna.
Ta kama, tabbas, a can cikin duhun ƙwaƙwalwar na'ura,
inda ba wanda ya ɗora ta a dandali.
Takwara ce kawai.
Hasumiya na nan da duhunta.

Ta kafa tsani:
tambayi uwarka, ta tambayi uwarta,
ita ma ta tambayi tata,
a sauko ta ɗaya gefen, ɗa na biyu daga hagu.
Ya yi aiki na minti goma sha ɗaya.
Da ta sa kwalekwale cikin igiyar ruwa
sai dangantaka ta goce da taki ɗaya,
tsani ya jingina da iska.

Ta nemi dandali tun kwalekwale na cikin haihuwa,
ba a ma fito da shi ba.
Riga malam masallaci.
Babu, in ji jan rubutu, babu dai.

Saƙon Anselmo ya shigo daga Temuco:
"Cire ƙyauren duka, ki huta.
Ki mai da komai na kowa."
Ta tuna aikinsu na bara,
wanda kowa ke taɓa komai,
ranar da maki ya ɓace
suka kwana uku ba su san hannun wa ba ne.
Ta kife wayar.

Da asuba ta buɗe taga.
Mai burodi na hawowa da kwando a kafaɗa,
yana kira, bai ambaci sunan kowa ba.
Daga bene na uku tsohuwa Eduvigis
ta zuro jaka da igiya, sulalla biyu na ƙara a ciki.
Ba ta sauko ba, bai hau ba.
Bai san launin kicin ɗinta ba,
ga shi kuwa burodi ya isa.

Maite ta koma kujera.
Ta hana kwalekwale miƙa hannu,
ta ba shi murya:
"Na iso gaɓa!"
Babban aji, wanda ya haife su duka,
shi ta sa ya kasa kunne.
Ya ji, ya ƙwanƙwasa wa hasumiya,
hasumiya ta kunna abinta da hannunta.
Mai ɗaki shi ya san inda makunni yake.

Layi bakwai.
Fitila ta kama, rawaya, ta zuba a kan ruwa.

Ta juya kwalekwale, ya nausa cikin teku,
fitila ba ta mutu ba.
Ta manta ta koya masa sallamar tafiya.
Ta yi dariya, ta ɗauki sulalla,
ta bi mai burodi kafin ya sha kwana.